Yadda ake yi wa faifan birkin motar gudu fenti, don ado da kuma hana tsatsa

Rim mai manyan tagogi ba ya rufa wa mota asiri. Za ka ga Mustang ko BMW mai ƙofa biyu ta fito daga wurin wanki a Unguwar Rimi ta Kaduna tana sheƙi, tayoyi sun sha mai, amma da ka sunkuya ka leƙa ta tsakanin yatsun rim sai ka tarar tsakiyar faifan birki ta yi jawur da tsatsa. Ba laifin mai wanki ba ne, ba kuma alamar birki ya mutu ba ce. Faifan birkin galibin motoci da ƙarfen zubi ake yin sa, irin wanda ke jure zafi ƙwarai amma ruwa na taɓa shi yake fara tsatsa. Fuskar da pad (ɗan falankin da ke matse faifan don mota ta tsaya) ke gogawa tana wanke kanta da zarar an taka birki sau biyu ko uku. Tsakiyar faifan da gefensa kuwa ba abin da ke goge su, tsatsa tana ta hawa kan tsatsa, damina bayan damina. Abin ya fi muni a motocin tokumbo da suka fito daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Su da tsatsarsu suke isowa.

Aikin ba shi da wuya. Wanda ya taɓa canza pad da hannunsa zai iya, wanda bai taɓa ba kuma ya nemi makanikinsa ya kwance masa ya ɗaure, shi ya tsaya a kan fentin. Sai dai birki ba bamba ba ne. Duk aikin ya rataya ne a kan sanin inda fenti bai kamata ya taɓa ba, don haka daga nan za a fara.

Inda fenti zai hau, da inda ba zai hau ba

In ka ciro faifan ka ajiye a ƙasa, siffarsa kamar malfa ce: ga kan hular a tsakiya, inda ramukan noti suke, ga kuma faffaɗan baki kewaye da ita. Kan hular nan da bangonta, da ɗan kwarmin da ke tsakaninta da faffaɗan bakin, da gefen faifan na waje inda ramukan iska suke, su ne rabonka. Nan ne ido ke gani, nan ne tsatsa ke zama.

Wuri na farko da aka haramta shi ne fuskar faifan da pad ke gogawa, gaba da baya, wadda za mu riƙa kira fuskar pad. Akwai masu fesa faifan gaba ɗaya su ce ai pad zai share. Gaskiya ne zai share, amma ina fentin ya tafi? Narkewa yake ya shige cikin pad, ya toshe masa fuska, birki ya yi santsi ko ya riƙa kuka, a ƙarshe ka sayi sabon pad saboda gwangwanin fenti guda. Faifan da kamfanoni irin su Brembo da Zimmermann ke sayarwa a lulluɓe tun daga masana'anta wani abu ne daban: lulluɓin siriri ne ƙwarai, kuma an yi shi ne don ya goge ba tare da ya ɓata pad ba. Fentin gwangwani ba haka yake ba.

Na biyu, fuskokin da ƙarfe ke zama a kan ƙarfe. Bayan hular yana kwanciya ne a kan hob, wato cibiyar da taya ke juyawa a kanta, gaban hular kuma nan ne bayan rim ke zama a ɗaure da noti. Karkacewar da ake yarda faifai ya yi idan yana juyawa ba ta wuce wajen milimita 0.05 ba a yawancin motoci. Ɗigon fenti guda da ya bushe a bayan hular ya isa ya wuce wannan. Ba ranar za ka ji ba. Sai an yi 'yan watanni, faifan ya ci ta gefe ɗaya fiye da ɗaya, sannan sitiyari ya fara karkarwa duk lokacin da ka taka birki a kan gudu, a ce maka faifai ya lanƙwashe alhali fenti ne ya jawo. Ta gaba kuma matsalar ta fi haɗari: fenti mai kauri a ƙarƙashin rim yana laushi idan ya ji zafi, ya lotsa, ɗaurin noti ya saki.

Na uku shi ne wanda ake yawan mantawa. A motoci da yawa, ciki har da BMW da Mercedes da Lexus na shekarun baya, birkin hannu yana cikin hular faifan baya ne, ƙananan takalma biyu suna buɗewa su kama bangon hular ta ciki. Wannan bangon shi ma fuskar birki ce. In ka juya faifan baya ka ga cikin hular a goge yana ƙyalli, kada fenti ya kusance shi.

Akwai kuma faifan da ba a yi masa wannan aiki sam. Na kabon da siramik, irin wanda ke zuwa a wasu Porsche da Ferrari, ba ya tsatsa, kuma kuɗinsa ya isa ya sayi wata motar. Ka bar shi yadda yake. Faifai mai gida biyu, wanda hularsa ta alminiyam ce aka ɗaure ta da ƙananan kusoshi a kewaye, shi ma hularsa ba ta tsatsa, kuma kusoshin an bar musu ɗan wasa ne da gangan don ƙarfe ya samu wurin buɗewa idan ya yi zafi. Fenti zai iya cushe wannan wasan.

Kafin ka kashe ko sisi, duba ko faifan yana da sauran rai. A gefensa ko a jikin hular akwai rubutun MIN TH da lamba, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai. A auna shi da ma'auni, ba da ido ba. In ya kai lambar, ko yana da tsagewa, musamman kewaye da ramuka a faifai mai huji, to sabo za ka saya, sai ka fenta sabon. Fentin sabo ma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Fentin da za ka nema

Fentin feshi na gama-gari, wanda ake yi wa ƙofa da keke, da kyar yake jure digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Faifan birki yana wuce wannan a zirga-zirgar cikin gari kawai, in kuma an matsa wa mota yana haura 400 ko 500 a fuskar pad. Hular ba ta kai nan, amma tana ɗaukar rabonta. Fentin gama-gari zai yi kumfa, ya ƙone, ya ɓare.

Iri uku ne ake samu masu jure zafi. Na inji yana tsayawa wajen digiri 260 zuwa 290. Zai yi aiki a hular motar da ba a wahalar da ita, amma a kan iyaka yake. Na kalifa, wato ƙarfen nan da ke rungume da faifan yana matse pad, ya fi dacewa. Na kamfanin VHT, alal misali, an rubuta masa digiri 480. Na salansa yana haura 600, kuma mutane da yawa suna zaton babbar lamba ita ce mafi kyau. A ganina ba haka ba ne a nan. Fentin salansa ba ya yin tauri sai an gasa shi mataki-mataki har sama da digiri 300, zafin da hular motar cikin gari ba lallai ta kai ba. Sai ya zauna da laushi, sinadarin wankin rim ya tafi da shi. Na kalifa shi ne daidai. Wasu kuma suna amfani da feshin zink, mai launin toka-toka irin na sabon faifai. Zink ɗin ne ke ciwuwa a maimakon ƙarfen, shi ya sa yake hana tsatsa ko da an ɗan karce shi. Ba ya sheƙi, amma yana aiki.

Ka lura da ma'aunin da aka rubuta a jikin gwangwani. Kayan Amurka da Farenhait suke rubutu. In ka ga 900 da harafin F, digiri 480 ke nan a namu lissafin. 500 da F kuma 260 ne kacal. Gwangwanin da aka zana masa hoton wuta amma ba lamba ko ɗaya, mayar wa mai shago abinsa. A zagaya Oriakpata wajen masu kayan mota, da masu sayar da fentin mota a Panteka. In ba a samu ba, masu kawo kaya daga Legas ko ta intanet suna kawowa. Gwangwani ɗaya mai mililita 400 yakan ishi huluna huɗu, amma ka sayi biyu in za ka bi ramukan iska.

Batun launi ra'ayi ne, ga nawa. Baƙi marar ƙyalli sosai, ko ruwan azurfa. Baƙi yana ɓatar da hular a ido, sai kalifa da rim su fito. Azurfa yana sa faifan ya yi kama da sabo. Jan hula a bayan jar kalifa kwalliya ce da ta wuce gona da iri, kuma launuka masu haske suna dafewa da zafi, ƙurar pad ta ƙarasa su.

Sauran kaya: feshin wanke birki gwangwani biyu ko uku, buroshin ƙarfe na hannu da wanda ake ɗaurawa a bakin injin huda, sanfefa mai lamba 120 da mai 240 ko 320, tef na takarda irin na masu fentin mota, sabuwar reza, kwali, tsummoki masu tsabta marasa gashi, waya mai ƙarfi, takunkumin hanci, tabarau, safar hannu, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Wannan ta ƙarshen in ba ka da ita ka aro. Ba a yin aikin babu ita.

Zaɓen rana

Yanayin Kaduna yana da hannu a wannan aiki fiye da yadda ake zato. A tsakiyar damina, musamman Agusta, iska cike take da laima: ka kankare ƙarfe ya yi fari, kafin ka gama liƙa tef ya fara ja, fentin kuma ya bushe da hazo-hazo. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, laima ba matsala ba ce, ƙura ce. Duk abin da ke yawo a iska zai sauka a kan ɗanyen fenti ya zauna. A Maris da Afrilu zafin rana yana busar da fentin tun yana iska kafin ya sauka, sai fuskar ta fito da kaushi. Galibin gwangwanaye suna son zafin wuri tsakanin digiri 10 da 32. Mafi daɗin lokaci shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, buji bai kankama ba. In ba za ka jira ba, ka yi da safe, a cikin gareji ko rumfa mai shan iska amma ba mai guguwa ba, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ka ware kwana biyu da ba ka buƙatar motar.

Kwance faifan

A faka a kan siminti mai daidaito, birki ya huce sarai. A sa wa tayoyin da ke ƙasa waigi. A sassauta notuna tun taya tana ƙasa. Motocin gudu suna da ƙasa-ƙasa, sau da yawa jak ba ya shiga; sai a hau da tayar kan falankin katako tukuna, sannan a sa jak a daidai wurin da littafin motar ya nuna, don a gefen irin waɗannan motoci akwai roba mai tsada da ke fashewa. Da mota ta tashi a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Ba bulo ba, ba dutse ba, ba jak kaɗai ba.

In za ka taɓa baya, ka sauke birkin hannu. In na lantarki ne, mai maɓalli, yana da yanayin gyara da ake sa shi kafin a kwance, wasu daga allon mota, wasu sai da kwamfutar makaniki. Kada a tilasta masa.

Cire kalifa. A yawancin motoci kusoshi biyu ne ke riƙe da ita, sannan wasu manya biyu suna riƙe da mariƙinta. A manyan kalifofi irin na Brembo kuwa manyan biyun ne kawai. A motocin Jamus akwai siririyar wayar da ke sanar da cinyewar pad, a zare ta a hankali, tana da saurin karyewa. Ka rataye kalifar da waya a jikin sifirin, kada ka bar ta tana lilo a kan tiyon man birki. Ba sai an buɗe tiyon ba. Kuma ka gaya wa duk wanda ke wurin, har yaran gida, kada kowa ya taka birki yayin da kalifa take waje, don fistin zai fito. Ka jera pad yadda suka fito, na ciki daban na waje daban, nesa da wurin feshi.

Faifan kansa wani lokaci ƙaramar kusa ɗaya ke riƙe da shi. A BMW mai ramin kusurwa shida ce, a Honda mai kan gicciye ce, kuma tana son cin kai; a fesa mata man sassauta tsatsa, a jira, a yi amfani da sukurdireban bugu. In faifan ya manne da hob, duba ko akwai ramuka biyu masu zare a fuskar hular, kamar yadda ake samu a Toyota da Honda. A ɗaura kusa mai lamba M8 a ciki, kaɗan nan kaɗan can, zai turo kansa waje. In babu, a buga hular da gudumar roba tsakanin ramukan noti, ba fuskar pad ba.

Kafin ya bar wurinsa, yi masa alama da maka a bayan hular, inda fenti ba zai hau ba: wane gefe ne, gaba ko baya, kuma wane rami ne ke kan wace kusa. Tsohon faifai ya saba da mazauninsa. Wasu faifan motocin gudu ma ramukan iskarsu a karkace suke, na dama daban na hagu daban, in aka musanya ba sa fitar da zafi yadda ya kamata.

Kankara da wanki

Nan ne kashi mafi girma na aikin yake, kuma nan ne ake ha'inci. Fenti ba ya kashe tsatsa, rufe ta kawai yake, ita kuma ta ci gaba da ci a ƙarƙashi har ta ɗago shi.

Sa takunkumi da tabarau. Kada a hure ƙurar birki da iskar kwamfireso. Ba ka san abin da aka haɗa pad ɗin da shi ba, kuma ba abin shaƙa ba ne. A fara wanke ta da feshin birki ta gangara cikin wani tsohon faranti. Sannan buroshin injin huda ya bi hular, da kwarmin, da gefen waje, har ɓawon tsatsa ya zube. A bi da sanfefa 120, sannan mai laushin. Ba sheƙi ake nema ba. Ana son ƙarfe mai launin toka, mai ɗan kaushin da fenti zai kama. Ramukan iska a zura musu siririn buroshi iya inda ya kai, a juya faifan a bubbuga tsatsar ta fito. Bayan hular da inda rim ke zama su ma a kankare su tas, ko da yake ba za a fenta su ba. Rubutun MIN TH a bi shi da buroshi ya fito sosai. Wanda ya samu masu wankin ƙarfe da feshin yashi ya huta, sai dai a rufe fuskar pad kafin a ba su.

Sai wanki. A garejin Kurmin Mashi ko na kowace unguwa, da ka ce a kawo abin wankewa wani yaro zai miƙo galan ya ce, "Oga, ai fetur ma ya isa." Bai isa ba. Fetur yana barin saura, kananzir da gas kuwa maiƙo ne zalla. Fenti zai riƙa tsagewa yana yin ƙananan idanu a kai, abin da ya shiga pad kuma ba ya fita. Feshin birki, ko sifirit, ko tina mai kyau, a goge da farin tsumma har tsumman ya daina canza launi. Sabon faifai yana zuwa da man hana tsatsa daga masana'anta. A wanke shi da ruwan zafi da omo, a busar nan take, sannan a bi da feshin birki. Feshin nan kada ya hau ƙarfe mai zafi, kada kuma a yi shi kusa da mai walda, don wasu nau'o'insa suna rikiɗa su zama iska mai guba idan suka haɗu da wuta. Daga nan ba a sake taɓa wurin da hannu tsirara.

Liƙa tef

A tsohon faifai iyakar a fili take: inda ƙyallin gogar pad ya ƙare. A shimfiɗa tef a kan fuskar gaba ɗaya, a danne, sannan a bi da'irar da reza a yanke. Ga dabara ɗaya da ke raba aikin gwani da na koyo: pad ba ya share fuskar har ƙarshenta, akwai siririn zobe ta ciki da ta waje da ba ya taɓawa. In ka tsaya da fenti daidai kan kwarmi, wannan zoben zai yi tsatsa ya kewaye sabon fentinka da jan layi. Don haka ka bar fentin ya shiga iyakar gogar da milimita ɗaya, iyaka biyu. Wannan ɗan kaɗan ɗin pad zai share shi ya bar layi mai tsabta, ba zai cutar da shi ba. A sabon faifai ka auna faɗin gogar daga tsohon.

Don fuskar da rim ke zama, galibi za ka ga sawun rim ɗin a jikin hular. In bai fito ba, ɗora kwali a bayan rim ka zana, ka yanke, ka liƙa a kan hular. Bayan hular a rufe shi duka. Ramukan noti a cusa musu takarda, musamman a motocin Jamus da kusa ke ratsawa ta ciki. Faifai mai huji ko tsagi, in kana son cikin ramukan ya yi baƙi, sai ka huda tef ɗin a kan kowane rami; aiki ne na haƙuri, amma yana hana jan hawayen tsatsa da ke gangarowa daga ramuka bayan wanki.

Feshi

Ɗora faifan a kan wani abu da zai ɗaga shi daga ƙasa, bokiti a kife ya isa, yadda za ka iya zagaya shi. In ya ɗan sha hantsi ya yi ɗumi, fenti ya fi kwanciya; in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a mayar da shi inuwa. Girgiza gwangwani minti biyu cur bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon ciki. Gwada a kan kwali.

Tazara tsakanin bakin gwangwani da ƙarfe santimita 20 zuwa 30. Ka fara fesawa kafin hannunka ya iso kan faifan, ka saki bayan ya wuce. Shafin farko hazo ne kawai, ƙarfe yana leƙowa ta ƙarƙashi. Zai yi maka kamar bai yi ba, ka bar shi haka. Bayan minti 10 a yi na biyu, shi ma marar nauyi. Bayan wasu 10 a yi na uku mai ɗan jiƙa, wanda zai ba da launi da santsi. Uku sun isa. Kauri ba ƙarfi ba ne a nan, fenti mai kauri shi ke fara tsagewa idan ƙarfe ya buɗe ya tsuke. Yawancin irin wannan fenti ana son a gama duk shafin cikin awa ɗaya, in an wuce sai an jira kwanaki kafin a ƙara, in ba haka ba ya yamutse. Karanta bayan gwangwaninka. Ramukan iska feshi ɗaya ko biyu marasa nauyi daga gefe. Batun fentin shimfiɗa kuwa, wato wanda ake fara fesawa a ƙarƙashin na launi, in gwangwanin bai nema ba a bar shi, in ya nema to ya zama shi ma mai jure zafi ne.

In fenti ya zubo ya yi hawaye, kada ka goge yana ɗanye. Bari ya bushe, a goge da sanfefa, a sake.

Cire tef bayan kamar rabin awa, fenti ya kama amma bai yi tauri ba, kana jan tef ɗin baya-baya. Duk inda fenti ya tsallaka fuskar pad, a goge da tsumma mai tina. Sai a kife babban kwali a kai saboda ƙura, a bar shi ya kwana. Fentin kalifa yana ƙarasa taurinsa ne da zafi. Wasu kamfanoni suna cewa a gasa awa ɗaya a wajen digiri 90. In kana da tsohon oba da aka daina girki da shi, to. Na uwargida kuwa kada ka soma, warin da sinadarin ba sa fita. Zafin birki a kan hanya zai yi aikin.

Wanda ba zai iya ciro faifan ba zai iya cire taya kawai, ya lulluɓe kalifa da tiyo da jikin mota da jarida da leda, yana juya faifan da hannu yana fesawa. Zai yi kyau daga nesa. Amma ba zai kai ga ramukan iska da kyau ba, kuma haɗarin fenti ya shiga pad ya fi yawa.

Mayarwa da gwaji

Kankare fuskar hob da buroshi har ta yi fes, don ƙwayar tsatsa ɗaya a nan daidai take da ɗigon fenti. Ɗan giris mai jure zafi, shafa ɗaya siririya, a zoben tsakiya kawai inda faifai ke mannewa. Ban da zaren kusoshi, don giris yana ɓata awon ɗauri. Mayar da faifan bisa alamarka. Goge fuskar pad gaba da baya da feshin birki karo na ƙarshe, a kan tsumma, don feshin yana cin sabon fenti. Mayar da mariƙi da pad da kalifa, kowace kusa da awonta na littafi. Wasu motoci suna son sababbin kusoshi ko gam ɗin zare a manyan biyun. Man birki in ya ɗiga a kan fenti yana cinye shi, a kula.

Notunan taya a fara da hannu, a ɗaure a tsallake, wannan sannan na ɗaya gefen da ke fuskantarsa, a ƙarasa da sifanar awo bayan mota ta sauka. Toyota da yawa 103 ne a ma'aunin Nm, wato awon ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar, BMW na shekarun baya 120, sababbinsu 140. Motarka kuwa, ka duba littafinta. Bindigar iskar mai faci ba ta san lamba ba, kuma ɗaurin da ya fi ƙarfi ta gefe ɗaya yana karkatar da faifai.

Kafin mota ta motsa ko taku ɗaya, taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri. Wanda ya manta wannan, takun farko feda za ta tafi ƙasa babu komai, ga geti a gaba.

Sai a nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso da sassafe, ba Ahmadu Bello Way da tsakar rana ba. Fara a hankali, ka saurara. Sannan daga gudun kilomita 60 ka sauko zuwa 10 da matsakaicin taku, kamar sau takwas zuwa goma, ba tare da tsayawa cak ba, ka ci gaba da tafiya wasu mintuna birki ya huce. Kada ka tsaya ka danne feda a kan faifai mai zafi, pad yana barin sawu. Ɗan wari da ƙaramin hayaƙi a ranar farko fenti ne ke gasuwa. Amma feda mai laushi, ko mota tana ja gefe, ko ƙarar ƙarfe, wannan a tsaya a duba. Bayan kilomita 50 zuwa 100, kwatankwacin zuwa Zariya, a sake bin notunan da sifanar awo.

Mako na farko a bar rim da ruwa da sabulu kawai, ban da sinadaran wankin rim masu ƙarfi. A wurin wanki ka ce wa yaran su jira birki ya huce kafin su sakar masa ruwa. Fuskar pad za ta ci gaba da yin ja bayan kowane wanki da kowane ruwan sama, fenti bai hana wannan ba. Zagaye ɗaya a layi kana ɗan taɓa birki ya isa ya busar da ita kafin ka faka. Motar da ake ajiyewa sai ranar biki ko Juma'a, a riƙa motsa ta ko sau ɗaya a mako a damina, don pad yana mannewa da faifai ya bar tabon da ba ya gogewa da wuri. Ragowar fentin a kife gwangwanin a fesa har iska zalla ta fito don bakin kada ya toshe, a ajiye a inuwa. Duk lokacin da aka zo canza pad, sai a duba inda tsakuwa ta ɓantare, a goge da sanfefa, a taɓa wurin.